Jayden Daniels ko Drake Maye: wa ya kamata Washington ta ɗauka a lamba ta biyu?

An rubuta wannan sharhi ne kafin zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024, don haka "bana" a cikinsa 2024 ce, "bara" kuma 2023. Ranar Alhamis 25 ga Afrilu 2024 da daddare, a birnin Detroit, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurkawa, za su fara zaɓen 'yan wasan da suka fito daga jami'o'in Amurka. Mu da ke Najeriya da Nijar sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin Juma'a, za mu ji sunan farko, kuma ba sunan da zai hana mutum barci ba ne, don kowa ya san shi. Chicago Bears za ta ɗauki Caleb Williams na jami'ar USC. Tun ranar da ta sallami mai jifanta Justin Fields zuwa Pittsburgh a watan Maris maganar ta ƙare. Gardamar tana kan lamba ta biyu, inda Washington Commanders ke tsaye tsakanin samari biyu: Jayden Daniels na jami'ar LSU da Drake Maye na jami'ar North Carolina.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurkawa ba, dukansu biyun kwatabak ne, wato mai jifa. Ka ɗauka an haɗa mai lamba goma da kyaftin da rabin koci a jikin mutum ɗaya. Duk harin da za a kai daga hannunsa yake farawa. Ƙarti biyar ne ke yi masa shinge a gaba, shi kuma yana da daƙiƙa biyu zuwa uku ya karanta tsayuwar 'yan tsaron abokan hamayya, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ya saki ƙwallo kafin a rushe shingen a kayar da shi. Da yadi ake auna ci gaba a filin, wannan dai yadin da tela ke aunawa. In aka kai ƙwallo ƙarshen fili an ci, maki shida ke nan. In mai jifa ya jefa abokin hamayya ya cafke, hari ya koma hannun wancan ɓangaren. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, shi ya sa yaron da ya fi kowa haske a jami'a yakan faɗa gidan da ya fi kowane lalacewa.

Dalilin da ya sa ake rawar jiki a kan wannan zaɓe har da na kuɗi. Tun 2011 aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa, kwantiragin shekara huɗu, da damar ƙara ta biyar ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko. Gogaggen mai jifa irin Joe Burrow yana karɓar dala miliyan 55 a shekara, alhali duk abin da aka yarda ƙungiya ta kashe wa 'yan wasanta a 2024 dala miliyan 255.4 ne. In ka dace da yaro nagari, ka samu shekara huɗu kana biyansa kuɗi kaɗan kana zuba sauran a kan waɗanda za su kewaye shi. In ka yi kuskure, yawanci koci da manaja ne ke fara tattara kayansu.

Gidan da yaron zai shiga

Kafin a auna su biyun sai an dubi Washington ɗin kanta. Wasa 4 ta ci a 2023, aka ci ta 13. Mai jifanta Sam Howell an kayar da shi sau 65, an cafke masa jifa 21, kuma duka biyun babu wanda ya kai shi a gasar. A watan Maris aka tura shi Seattle. Tun da Kirk Cousins ya tafi bayan kakar 2017, har zuwa 2023 kowace shekara da sabon mutum aka buɗe kaka: Alex Smith, Case Keenum, Dwayne Haskins, Ryan Fitzpatrick, Carson Wentz, sannan Howell. Rabon ƙungiyar da Super Bowl, wato kofin gasar, tun kakar 1991.

A 2024 komai sabo ne. Josh Harris da abokansa sun sayi ƙungiyar daga hannun Dan Snyder a 2023 kan dala biliyan 6.05. An ɗauko Adam Peters daga San Francisco ya zama babban manaja, Dan Quinn ya zama koci, Kliff Kingsbury kuma aka ba shi alhakin tsara hari. Suna da Terry McLaurin, mai karɓa da kowane mai jifa zai so ya samu. Sun kawo Tyler Biadasz tsakiyar shinge, sun kawo Marcus Mariota ya zauna a benci ko ya riƙe wuri. Amma sun sallami Charles Leno, mai tsare gefen hagu, kuma har zuwa Afrilu 2024 babu wani tsayayye a gurbin. Wannan ramin zai sake fitowa a maganarmu.

Abin da takarda ta ce

In alƙaluman 2023 kaɗai za a duba, babu gardama. Daniels ya jefa yadi 3,812, ci 40, an cafke masa 4 kacal, kuma kashi 72 cikin ɗari na jifansa sun isa hannun mutanensa. Da ƙafarsa ya ƙara yadi 1,134 da ci 10. A wasan Florida na watan Nuwamba ya jefa yadi 372 ya kuma yi gudun yadi 234, abin da ba a taɓa yi ba a babban rukunin jami'o'i. Kyautar Heisman ta gwarzon shekara ta zo masa duk da LSU ta sha kashi sau uku, domin kowa ya ga ba daga wajensa matsalar take ba. A wasan Ole Miss sun ci maki 49, aka zura musu 55.

Maye kuwa baya ya yi. A 2022, shekararsa ta farko a matsayin mai farawa, ya jefa yadi 4,321 da ci 38, an cafke 7, ya fi kowa gudu a ƙungiyarsa da yadi 698, aka ba shi gwarzon ACC, gasar jami'o'in da North Carolina ke ciki. A 2023 sai ya sauko yadi 3,608, ci 24, cafkewa 9, jifan da ya isa kuma ya tsaya wajen kashi 63. Shekara biyu a jere North Carolina tana fara kaka da ƙarfi tana ƙarewa da rarrafe. A 2022 ta ci tara cikin goma na farko, ta faɗi huɗun ƙarshe. A 2023 ta ci shida a jere, sai Virginia, wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ta zo har gida ta doke ta.

Wanda zai tsaya a nan Daniels zai ɗauka. Sai dai ƙungiya ba kakar da ta wuce take saya ba, shekara goma masu zuwa take ciniki, kuma alƙaluman jami'a sun sha yaudarar mutane.

Shekaru

An haifi Daniels a watan Disamba 2000, Maye a watan Agusta 2002. Daren zaɓen ɗaya yana da 23, ɗaya 21. Wata ashirin ba wani abu ba ne tsakanin dattawa, amma a nan shi ne kusan rabin muhawarar. Daniels ya yi shekara biyar yana farawa, uku a Arizona State, biyu a LSU, wasa 55. Kakar da ta ba shi Heisman ta zo ne a shekara ta biyar, yana babba a cikin yara, ya riga ya ga kowace irin dabarar tsaro sau ba adadi.

Gwajin da ya fi adalci shi ne a ajiye su a shekaru ɗaya. A kakar 2021, wadda Daniels ya kammala yana cika 21, ya jefa ci 10 aka cafke masa 10 a Arizona State. Babu wanda ke maganarsa a zagayen farko a lokacin. Maye yana ɗan shekara 20 ya jefa ci 38. A wannan ma'aunin tazarar ba kaɗan ba ce.

Magoya bayan Daniels suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Arizona State ta wancan lokaci gida ne da ya rikice, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA na bincike kan yadda aka ɗauki 'yan wasa, mataimakan koci suna ta barin aiki. Kafin rikicin, yaron ya nuna abin da ke cikinsa: a 2019, shekararsa ta farko daga sakandare, ya jefa ci 17 aka cafke 2, ya kuma doke Oregon ta mai jifa Justin Herbert da jifan yadi 408. Mai karɓar dogon jifan da ya kashe wasan shi ne Brandon Aiyuk, wanda San Francisco ta ɗauka a 2020 lokacin Peters na can, don haka Peters ya daɗe da kallon faifan Daniels. Sannan akwai Burrow. Shi ma canjin makaranta ya yi zuwa LSU, shi ma sai a shekararsa ta ƙarshe ya fashe da ci 60 a 2019, aka ɗauke shi yana da 23, kuma a shekararsa ta biyu ya kai Cincinnati wasan ƙarshe. Mai adawa zai ce to Kenny Pickett fa? Shi ma a shekara ta biyar ya haskaka a jami'ar Pittsburgh, Steelers ta ɗauke shi a 2022, bayan shekara biyu ta miƙa shi ga Philadelphia. Makara wajen nuna kai tana iya zama alamar mai ƙwazo da ya gyara kansa, tana kuma iya zama alamar wanda ya fi yara ne don ya girme su. Ni ina ganin Daniels ya fi kusa da na farkon. Tsakanin 2022 da 2023 ya koyi sakin dogon jifa da a da yake tsoronsa, kuma hakan aiki ne, ba girma kawai ba.

Su wa ke kewaye da su

Daniels yana jefa wa Malik Nabers da Brian Thomas, waɗanda ake sa ran dukansu za su tafi a zagayen farko a daren nan. Nabers ya tara yadi 1,569, Thomas ya ci 17, fiye da kowa a ƙasar. A gefen hagu na shingensa akwai Will Campbell, ɗaya daga cikin mafi kyau a jami'o'i. Sau da yawa Daniels yakan tsaya cikin natsuwa, ya ga Thomas ya bar mai tsaronsa da yadi uku, ya aika masa. Jifan yana sauka daidai, wannan ba a ƙwace masa ba. Dogon jifansa zuwa gefen fili shi ne mafi kyau a 'yan bana, har da Williams. Amma a NFL ba a barin mutum da yadi uku.

Maye ya shiga 2023 an kwashe masa kaya. Josh Downs, wanda ya fi dogara da shi, ya tafi Indianapolis. Mai tsara hari Phil Longo ya koma Wisconsin, Chip Lindsey ya zo da nasa tsarin. Tez Walker da aka kawo don ya cike gurbi hukumar NCAA ta hana shi wasa huɗun farko. Kuma da Omarion Hampton ya fara gudu har ya wuce yadi 1,500, ƙungiyar ta rage jifa in an matso kusa da gida. Wani ɓangare na saukar alƙaluman Maye daga nan ya fito.

Ban yarda a hukunta yaro don ya samu abokan wasa nagari ba. Haka aka yi ta faɗa a kan C.J. Stroud bara, wai masu karɓar Ohio State ne suka yi masa aiki, sai ya je Houston ya kai ta wasannin fitar da gwani a shekarar farko. Abin da kawai za a ce shi ne, mun ga yadda Maye yake in abubuwa sun lalace, kuma mun ga yakan wuce gona da iri, ya nemi yin abin da ya fi ƙarfin wasan. Daniels na 2023 kuwa ba mu cika ganinsa cikin irin wannan halin ba, alhali shi ne halin da zai tarar a Washington.

Tsakiyar fili

Nan ne na fi daɗewa ina kallo, kuma nan ne Maye ya saye ni. Filin jami'a da na NFL girmansu ɗaya, amma layukan da ake ajiye ƙwallo a kai sun bambanta. A jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da rabi. Ma'ana a jami'a sau da yawa ana fara wasa daga gefe, sai ɗaya ɓangaren ya zama fili fetal, mai gudu ya samu sarari, mai jifa ya samu hanya a buɗe. A NFL kullum ƙwallo yana kusa da tsakiya, 'yan tsaro sun raba kansu daidai, kuma sun fi sauri. Abincin mai jifa a can yana tsakanin yadi goma zuwa ashirin a tsakiyar fili, bayan 'yan tsaron tsakiya, gaban na can baya. Ƙofar takan buɗe na ƙiftawar ido. Dole ka saki ƙwallo kafin mutuminka ya juyo, ka jefa inda zai kasance, ba inda yake ba.

Maye yana yin wannan jifan, kuma ba ya jin tsoronsa. Yana da ƙarfin hannun da zai cusa ƙwallo tsakanin mutum biyu, yana kuma iya ɗaga shi ya tsallake kan ɗaya ya sauka gaban ɗaya. Wani lokaci yakan yi gangancin da ake cafkewa, amma wanda ke gwadawa ana iya rage masa, wanda ba ya gwadawa kuwa sai an fara koya masa yarda da idonsa.

Daniels mutumin gefe ne. Tsarin LSU ya fi kai hari ta gefuna da can nesa, kuma ya yi aiki, don haka babu dalilin canzawa. Mai yiwuwa ba a nemi ya yi ba ne, ba wai ba ya iyawa ba. Amma mai zaɓe a lamba ta biyu da abin da ya gani yake aiki, kuma wannan jifan bai gan shi da yawa a faifan Daniels ba.

In shinge ya rushe

Dukansu suna da ƙafa, amma ba iri ɗaya ba. Daniels in ya ɓalle sai dai a bi shi da kallo. Tun Lamar Jackson ba a ga mai jifa da ke yanka tsakiyar 'yan tsaro haka ba. Wannan baiwa tana sauya lissafin abokan hamayya tun kafin a taɓa ƙwallo, dole su ware mutum guda ya zuba masa ido, sai sauran su ragu. A shekarar farko, lokacin da kan yaro bai gama ɗaukar wasan ba, ƙafa ce ke ciyar da shi. Wannan babban dalili ne da ya sa nake ganin Daniels zai fi Maye kyau a 2024.

Matsalar ita ce abin da yake yi da zarar an matsa masa. Idonsa yakan sauko daga masu karɓa ya koma neman hanyar gudu. In ya bar shinge, gudu zai yi, da wuya ya sake neman wanda zai jefa wa. In kuma hanyar ta toshe sai a kayar da shi, kuma masu nazarin faifai sun daɗe suna nuna cewa matsi yana yawan ƙarewa da kayarwa a kansa. Wannan hali ne da yakan bi mai jifa daga jami'a zuwa NFL. Fields ya zo da shi, bai rabu da shi ba. Howell ma haka.

Sai jiki. Tsayinsu kusan ɗaya, wajen ƙafa shida da inci huɗu. Maye ya hau sikeli a taron gwaji na Indianapolis da nauyin kusan kilo 101. Daniels bai hau ba a can, sai a ranar gwajin makarantarsa, inda ya nuna kusan kilo 95. Kilo shida ba su ne damuwar ba, ƙirar ce: siriri ne, kuma yana gudu a miƙe, yana karɓar duka irin wanda ke ɗaga mutum sama. Bai cika zamewa ƙasa ya tsira ba kamar yadda ake koya wa masu jifa. A wasan Alabama na bara, dukan da ɗan tsaronsu Dallas Turner ya yi masa shi ya fitar da shi daga fili. Jackson da ake kwatanta shi da shi gwani ne wajen kauce wa duka, kuma ko shi ya rasa ƙarshen kakar 2021 da ta 2022 saboda rauni.

Mutanen Washington ba sa bukatar a ba su labari. A 2012 sun bayar da zaɓen zagayen farko har uku da na zagaye na biyu guda don su hau lamba ta biyu su ɗauki Robert Griffin III, shi ma mai Heisman, shi ma mai gudu kamar barewa. Ya ba su kaka guda mai daɗi, ya zama gwarzon sababbin 'yan hari, sai gwiwa ta samu matsala a watan Disamba, ta ƙarasa lalacewa a wasan Seattle na Janairu 2013. Bai sake komawa yadda yake ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, na sani, kuma Daniels ba Griffin ba ne, ya fi shi karanta fili. A yi masa adalci kuma: shekara biyar yana shan wannan dukan, bai taɓa rasa kaka saboda rauni ba. Amma masu dukan NFL ba 'yan makaranta ba ne, kuma shingen da ya bari aka kayar da mutum sau 65 ba a gama gyara shi ba.

Maye in ya fita daga shinge idonsa na can gaba. Yana gudu ne don ya sayi lokaci ya jefa. A wasan Pittsburgh na bara an riƙe shi ta dama, sai ya mayar da ƙwallon hannun hagu ya jefa aka ci. Abin burgewa ne, kuma irin abin da zai sa koci ya dafe kai ne.

Aibin Maye

Kada a ɗauka shi ba shi da tabo. Tsayuwarsa ba ta da tsari. Yakan zame gefe ko baya ba tare da an kore shi ba, ya kai kansa hannun mai kawo hari. Ƙafafunsa ba sa bin idonsa, sai ka ga ya jefa ƙwallo mai wuya daidai, a wasa na gaba ya kasa kai na yadi biyar ga mutumin da ke tsaye shi kaɗai. Daniels ba ya irin wannan. Sakin hannunsa gajere ne, mai sauri, iri ɗaya kullum, kuma ba ya wasa da ƙwallo: cafkewa 7 kacal a shekara biyu a LSU.

Sannan ƙarancin wasa. Maye ya fara wasa 26, ya ci 17. Akwai tsofaffin sharuɗɗa da ake danganta wa koci Bill Parcells: yaro ya yi shekara uku yana farawa, ya kammala karatu, ya fara wasa 30, ya ci 23, da sauransu. Daniels ya haye su, Maye ya faɗi a yawancinsu. Kuma sunan makarantar kansa yana tayar da tsohon miki, don daga North Carolina Mitchell Trubisky ya fito, mai wasa 13, wanda Chicago ta ɗauka a lamba ta biyu a 2017 ta bar Patrick Mahomes. Wannan kwatancen raggo ne, launin riga kawai suka haɗa, wasannin Maye sun ninka na Trubisky. Wanda ya fi dacewa a tuna shi ne abin da Peters ya gani da idonsa a San Francisco. A 2021 sun hau lamba ta uku suka ɗauki Trey Lance, mai ƙira da ƙarfin hannu amma wasa 17 kawai. Bai yi ba. Wanda ya karɓi ƙungiyar har ya kai ta wasan ƙarshe shi ne Brock Purdy, mutum na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022, wanda ya yi shekara huɗu yana wasa a Iowa State. Mutumin da ya ga wannan zai yi wuya ya raina gogewa.

Game da Kingsbury, ana ta cewa Daniels ne ya dace da shi saboda ya yi aiki da Kyler Murray a Arizona da Johnny Manziel a Texas A&M. Gaskiya ne. Amma shi ne kuma ya horar da Mahomes a Texas Tech, kuma tsarin da Maye ya yi fice a cikinsa ƙarƙashin Longo ɗan gidan su na Kingsbury ne. Ban da haka, mai tsara hari in ya yi kyau wata ƙungiya za ta ɗauke shi, in ya yi muni a kore shi. Ba a zaɓar mai jifan shekara goma don mutumin da ba lallai ya kai shekara uku ba.

Inda na tsaya

Cinikin ya yi kama da na mai neman san noma: ga wanda ya riga ya iya huɗa, gobe ma sai ya shiga gona, ga kuma ɗan bijimi mai ƙashi da sai an hora. In abin da Quinn ke so shi ne ƙungiya ta farfaɗo bana, filin wasa ya cika, a daina jin kunya, Daniels zai ɗauka, kuma ba zan ce ya yi wauta ba. Shi ya fi shiri, shi ya fi kiyaye ƙwallo, ƙafarsa kuma za ta rufe ramukan shinge na ɗan lokaci.

Ni Maye zan ɗauka. Dalilina shi ne irin aibin kowannensu. Na Maye a ƙafa yake, kuma ƙafa ana gyara ta da maimaici. Josh Allen ya fito daga Wyoming jifansa kashi 56 ne ke isa, Buffalo ta yi haƙuri da shi shekara biyu, a ta uku ya zama wani mutum daban. Ba kowa ne Allen ba, da yawa an jira su ba su zo ba, amma icen ɗan shekara 21 bai gama bushewa ba. Aibin Daniels kuwa rabi a ƙirar jiki yake, wadda koci ba ya canzawa, rabi a abin da zuciya ke yi in an matsa, wanda bayan wasa 55 ya kusa zama hali. Kuma abin da ya fi wuyar koyarwa, wato jefa ƙwallo tsakiyar cunkoso kafin ƙofa ta buɗe, Maye ya zo da shi.

Zaɓin nawa da sharaɗi yake. In za a ɗauki Maye a jefa shi fili a wasan farko bayan wannan shingen, gara a bar shi ya tafi New England a lamba ta uku. Bryce Young an kayar da shi sau 62 a Carolina bara, kuma kowa ya ga yadda tsayuwarsa ta lalace kafin kaka ta ƙare. Mahomes wasa ɗaya ya fara a shekararsa ta farko, Jordan Love shekara uku ya yi a benci. Mariota na nan, a bar shi ya sha dukan Satumba da Oktoba.

Ko wanne aka kira a daren Alhamis, aikin Peters bai ƙare ba. Washington na da zaɓe shida a cikin ɗarin farko, har da lamba 36 da lamba 40 a daren Juma'a. Bana masu tsare gefen shinge suna da yawa, amma nagarin za su ƙare tun a zagayen farko. In har ya ga sun fara ƙarewa, ya haɗa biyun nan ya sake hawa sama ya ɗauko mai tsare hagu.